Shekarar da Likita Orme ya Zo Fadama

Litinin, 3 ga Afrilu, 1671

Sabon littafi, tsohon ya cika. Ni Gideon Rudd, wanzamin Hadfleet, shekara hamsin da tara bana.

Aski bakwai yau, haƙori ɗaya. Jirgin da ke kai cukunmu London ya dawo da baƙo. Likita ne, kuma ba irin masu yawo da kwalabe ranar kasuwa ba, na gaske, mai takarda. Matthias Orme sunansa. Ya kama ɗaki a gidan tsohuwa Marget, bayan coci. Akwati huɗu ya zo da su, uku littattafai ne zalla.

Me likitan London zai yi a fadama? Mai hankali daga nan yake gudu. Ko dai wani babba ya mutu a hannunsa can.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Ya zo aski. Dogo, siriri, ya ɗan ranƙwafa. Baƙar rigarsa ta sha faci a gwiwar hannu. Ina shafa masa sabulu yana ta tambaya kamar alƙali: wane wata masassara take farawa, a wace unguwa, wa take kamawa, wa take bari. Na ce ai kowa ya sani, iskar fadama ce, in zafi ya shigo laka ta yi wari sai ta taso. Wanda aka haifa nan yakan sha ta ya miƙe, da kumburin saifa dai. Wanda ya zo daga tudu shi take kwashewa, musamman mata.

"Ka taɓa ƙirgawa?" in ji shi.

Na ce na binne mata biyu, Dorcas da Hester, duk 'yan tudu, wannan ƙirgen ya ishe ni. Na gama gefe guda. Sannan ya tambayi abin da na yi musu. Na ce abin da ake yi: a tsaga jijiyar hannu a zubar da jinin da ya ƙone, a bi da maganin amai. Dorcas sau huɗu, Hester sau shida.

Na gama askin. Da zai fita ya shafa haɓa ya ce, "Hannunka da sauƙi, Sarkin Aska. Ko a London ban sami irinsa ba." Ban sani ba ko zolaya ce.

Asabar, 6 ga Mayu

Dole in rubuta wannan daki-daki, kada in wayi gari in ɗauka mafarki ne.

Ana ruwa, ba kowa a shago, ya shigo fakewa. Ya ga igiyar da nake ɗaure dantse da ita kafin tsaga, ya ce hannu nawa na ɗaure da ita? Na ce Allah kaɗai ya sani, shekara arba'in ke nan. Ya ce to ina jinin yake zuwa? Na faɗa masa abin da ubana ya koya mini: hanta ke dafa shi daga abinci, ya bazu, jiki ya shanye kamar yadda ƙasa ke shan ruwa.

Ya ce in naɗe hannun riga. Ya ɗaure ni, jijiyoyi suka tashi. Ya nuna mini wasu 'yan ƙululai a jikin jijiyar. Na sha ganin su, ban taɓa tambayar kaina ko menene ba. Ya danne jijiyar da yatsa ɗaya kusa da wuyan hannu, ya sa ɗayan ya share jinin zuwa sama har ya wuce ƙululun, sannan ya ɗage na saman. Jijiyar ta kwanta, ba komai a ciki. Jinin bai dawo ƙasa ba. Sai ya ɗage yatsan ƙasa, nan take ta cika, daga ƙasa zuwa sama.

Sau biyar na sa ya yi. Sannan na yi da kaina.

Ya ce ƙofofi ne a ciki, hanya ɗaya suke buɗewa, wajen zuciya. Ba shanye jinin ake yi ba, zagaye yake, ya fita daga zuciya ya dawo, ya fita ya dawo, tun ranar da aka haifi mutum bai taɓa tsayawa ba. Ya ce ba shi ya gano ba, wani tsohon likita ne da ya rasu, wanda aka daɗe ana ce wa mai taɓin hankali.

Na ce ke nan jinin ɗaya ne a jiki duka. Ya ce ɗaya ne. Na ce to wanda ya ƙone fa, yaya aska take ware shi daga mai kyau?

Ya leƙa waje, ya ce ruwa ya tsagaita, ya ɗauki hularsa.

Lahadi, 7 ga Mayu

A coci ban ji huɗuba ba. Hannuna na ƙirjina. Shekara hamsin da tara ana wannan aiki a cikina, ba da sanina ba.

Laraba, 14 ga Yuni

Marget ta zo in duba mata ƙafa. Ƙafar ce dai ke ciwo, bakin lafiyarsa lau. Wata biyu ta yi tana tattara labarin baƙonta, yau ta juye mini.

Ɗan majemi ne daga Norwich. Limamin cocinsu ya ga kaifin kansa ya tsaya masa har ya shiga Cambridge. Daga nan ƙasar Holan, daga nan Italiya, inda ake feɗe gawa a gaban ɗalibai. Ya yi shekara uku a jirgin 'yan kasuwa mai zuwa Sifen. Ya dawo London ya yi suna, har da karusa da dawaki biyu, manya na aikowa a kira shi. Sai annobar nan ta shekara shida da suka wuce. Masu hali suka gudu, likitoci da dama suka bi su. Shi ya tsaya. Matarsa da 'yarsa suka tafi a sati ɗaya.

Bayan nan, wai, ya rubuta takarda yana cewa rabin abin da ake yi wa majinyaci ba wanda ya taɓa zama ya duba ko yana amfani. Manyan abokan aikinsa suka ji zafi, aka daina kiran sa. Ya sayar da karusa, ya tambayi inda masassara ta fi kisa a Ingila. Aka ce masa nan.

"Ba ya cin abinci, wanzami," in ji Marget. "Na soya masa kifi, na dawo na tarar da shi yana jera ƙayoyin a kan tebur yana ƙirgawa."

Ashe ba wanda ya kashe. Na ji kunyar abin da na rubuta ranar farko, amma ba zan soke ba.

Juma'a, 30 ga Yuni

Ya kira ni ɗakinsa, ya sa na leƙa wani bututu mai gilashi. Na ja da baya. Dodo na gani mai gashi, da fukafukai kamar saƙar amarya, da idanu biyu kowanne ɗauke da ɗaruruwan idanu. Sauro ne. Sauron da na kashe a wuyana ina shigowa.

Bakinsa allura ce a cikin kube. Askata mafi siriri gatari ce a kusa da ita.

"Ga abokin sana'arka," in ji likita. "Shi ma jini yake ɗiba, kuma ba ya jiran a kira shi."

Na yi dariya, amma a hanya jikina ya yi sanyi. Wannan aiki duka Ubangiji ya zuba a kan abin da muke marewa ba mu duba ba.

Juma'a, 21 ga Yuli

Keziah, matar ɗana Abel, cikinta wata biyar. 'Yar tudu ce, daga wajen Braintree, kuma wannan ne lokacin zafi na farko da za ta yi a fadama. Na ce wa Abel ya mayar da ita gidan iyayenta har sanyi ya shigo. Ita ta ƙi. Ta ce, "Baba, ni ba gishiri ba ce da zan narke. In na tafi wa zai yi cukun, kai da askarka?"

Yarinyar akwai baki. Hester ma haka take.

Lahadi, 13 ga Agusta

Masassara ta fara. Gida tara a unguwar masu dafa gishiri.

Likita yana da wani ɗan akwati mai ɓawon itace a ciki, daga wata ƙasa can bayan teku da Sifaniyawa ke mulka. Yana daka shi ya zama gari, ya kaɗa a ruwan inabi. Yau limaminmu, Malam Fitch, ya yi huɗuba a kansa. Ya ce garin maganin 'yan Paparoma ne, su suke shigo da shi, ba ya korar ciwo sai dai ya kulle shi a ciki, wata rana ya fashe. Likita yana zaune a bencin baya, yana sauraro kamar maganar wani ake.

Mutum uku kaɗai suka yarda suka sha. Ɗaya Noll Pettit ne, makiyayi, wanda ya yi sati biyu a ƙasa. Ranar Juma'a na gan shi da rago a wuya yana tsallake rami. Na je gidansa, na lashi gindin kofin. Ban taɓa jin ɗaci irin wannan ba. Ba a harshe yake tsayawa ba, maƙogwaro yake sauka ya zauna har azahar.

Ni dai ina bayan limami. Ina ganin ina bayansa.

Talata, 29 ga Agusta

Keziah. Ƙarfe goma na safe. Sanyi har gado na girgiza, sai zafi, sai gumi.

Alhamis, 31 ga Agusta

Masassarar ta huta jiya, yau ta dawo, ƙarfe goma daidai. Abel yana fadama da tumaki. Na tsaga Keziah. Rabin tasa.

Na tsaya ina duban jinin, ina neman wanda ya ƙone. Jini ne kawai, tsinkakke, kamar an surka. Kafin in ɗaure hannun ta suma. Da ta farfaɗo ta ce, "Baba, ya daina motsi." Muka zauna, hannunta a kan ciki. Sai wajen la'asar ya motsa.

Abin da ake yi na yi. Abin da ubana zai yi ke nan.

Asabar, 2 ga Satumba

Karo na uku, ya fi na baya. Na ɗauko tasa, Abel ya tsaya a ƙofa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, yau ma bai ɗaga ba. Cewa ya yi, "Baba, uwata sau nawa ka yi mata?" Ya san amsa. Shekararsa tara lokacin, shi ya riƙe tasar.

Ya tafi ya kira likita.

Ya zo da sanda, fuskarsa rawaya, na ɗauka gajiya ce. Ya ga ƙyallen da ke hannunta. Ya ja fatar idonta ƙasa ya ce in duba. Fari fat, kamar cikin ɓawon ƙwai. Ya ɗora yatsuna a wuyan hannunta, ya ɗora na ɗaya hannun a nawa. Nawa kamar tafiyar doki. Nata kamar tsuntsu a tafin hannu.

"Mutum biyu ke shan wannan jinin, masassara ta uku," in ji shi, a hankali, yadda Abel ba zai ji ba. "Ba wurin na huɗu, Malam Rudd."

Ya fito da ƙunshi talatin daga aljihu, an riga an auna. A jira gumi ya bushe, sannan a fara. Kwana biyu duk bayan awa huɗu, daga nan safe da yamma har su ƙare, ko da ta miƙe tana rawa. Ni ya miƙa wa. Na ce me ya sa ni? Ya ce don hannuna ba ya rawa, nasa yana yi.

Na faɗa wa Keziah abin da limami ya ce, don kada in ɗauki alhakinta. Ta ce, "Ko Paparoman ne ya daka da hannunsa a ba ni. In na warke na tuba."

Ta sha, ta zage ni, ta zagi Abel, ta nemi zuma.

Litinin, 4 ga Satumba

Tun ƙarfe tara nake zaune a bakin gadon. Ƙararrawar coci ta buga goma. Ta yi hamma, ta ja bargo, ta ce bayanta na sanyi. Na ce shi ke nan, ga ta nan. Sai abin ya tsaya nan. Ba girgiza. Ta ce kunnenta na ƙara kamar an sa mata ƙudan zuma, likita dama ya ce za a yi haka.

Ba zan ce komai ba tukuna.

Laraba, 6 ga Satumba

Goma. Sha ɗaya. Sha biyu.

Ba ta zo ba.

Ƙarfe ɗaya Keziah ta ce a dafa mata ƙwai biyu, a yanko burodi mai kauri.

Shekara arba'in ina kallon wannan ciwo. Ban taɓa ganin mutumin da ya kai shi cika alkawari ba. In ya ce goma, goma ne, ko sarki ne a kwance. Na ɗauka kamar cikar teku yake, ba a hana shi, sai dai a jira ya janye a ga wa ya bari. Yau an rufe masa ƙofa ya koma. Da me? Da ɓawon wani itace da ke tsaye a kan dutse, a ƙasar da ba zan taɓa gani ba, tun kafin a haifi kakana. Yana can tsaye lokacin da nake haƙa wa Dorcas kabari. Ubangiji ya ajiye ciwon a nan, ya ajiye maganin a can ƙarshen duniya, sannan ya ɗauki ɗan majemi daga Norwich ya zagaya da shi teku ya sauke shi a ƙofata.

Na zagaya bayan gida na daɗe. Abel ya zo ya same ni, ya tsaya, ya koma.

Asabar, 9 ga Satumba

Na je yin godiya. Marget ta tare ni a ƙofa, idonta ja. "Sai yau ka tuna da shi? Sati biyu ke nan masassara take kayar da shi, kullum kuma, ba ta hutawa."

Yana kwance, ya ƙare kamar itacen shinge. Na ce ina garin, in kaɗa masa. Ya ce in bari. Na ɗauko akwatin da kaina. Ba komai, sai ƙamshi. Jirgin da zai kawo masa sabo daga Sifen bai iso ba.

Ƙunshi talatin ɗin nasa ne. Wa kansa ya auna su.

Na ce saura tara a gida, yanzu zan kawo. Ya kama hannun rigata. Ya ce in na yanke mata za ta dawo cikin sati biyu, kuma cikin ba zai jure ba, ya ga haka sau uku a London, yana rubuce. "In ka kawo su zan zubar ta taga, mu yi asara biyu."

Abin da ya nema kawai: in buɗe littafinsa in rubuta ƙarfe nawa ta zo masa yau, don ba ya iya riƙe alƙalami. Na buɗe. Sunan kowa na ciki, gida-gida, da rana, da awa, da abin da aka ba shi, da yadda ya ƙare. Har waɗanda na tsaga. Shafi na ƙarshe sunansa ne, ya rubuta kansa kamar wani baƙo.

Talata, 12 ga Satumba, a Colchester

Mai kantin magani ya ce yana da ɓawon. Ya fito da ɓawo ja mai kyan gani. Na gutsura na tauna. Ɗaci ya tsaya a bakin harshe, kafin in haɗiyi yawu biyu ya wuce, kuma ya bar mini ja a yatsa. Ɓawon itacen lambu ne aka jiƙa a wani abu. Na faɗa masa. Ya ce, "Wanzami ne zai koya mini magani? Je ka yi askinka, tsoho."

Kafin in taso Marget ta ba ni wata wasiƙa da ta samo a kayan likita, da sunan wani ɗan kasuwa a London. Gobe zan bi karusa.

Juma'a, 15 ga Satumba, a London

Rabin garin sabon bulo, rabi toka, tun babbar gobarar nan ta shekara biyar da suka wuce. Na ɓata sau uku kafin in sami gidan a bakin kogi. Mutumin, Malam Dacre, mai ƙiba ne, yana cin abinci, bai ko ce in zauna ba. Da na ambaci Orme ya ajiye wuƙa ya miƙe tsaye.

Ya ce lokacin annoba an kulle gidansa, an shafa jan gicciye a ƙofa, an sa mai gadi. Su bakwai a ciki, ba mai shiga ba mai fita. Orme ya samo tsani, ya riƙa hawowa ta tagar baya, kullum, kwana goma sha tara, da burodi a cikin riga. Shi yake matse musu marurai, shi yake wanke su. Huɗu suka rayu. Sai daga baya Dacre ya ji cewa a cikin kwanakin nan ne aka binne matar likitan da 'yarsa, kuma ko ranar bai fasa hawa tsanin ba.

Ya shiga ciki ya fito da abin da ya ajiye wa iyalinsa, ƙullin ɓawo guda. Na tauna. Shi ne. Bai bari ko jakar kuɗina na taɓa ba. Ya ce, "Ka ce masa tagar tana nan."

Litinin, 18 ga Satumba

Jirgin cuku ya kawo ni da hantsi. Bai gane ni ba. Yana ta magana da Latin, wani lokaci ya kira sunan mace. Na daka, na auna da ɗan ma'auninsa yadda littafin ya ce. Marget ta tallabo kansa. Rabi ya zube, na sake aunawa.

Alhamis, 21 ga Satumba

Yau ba ta zo ba. Da azahar ya buɗe ido ya dube ni da kyau. Abin da ya fara cewa: "Ƙarfe nawa ta zo jiya? Ka rubuta?"

Marget ta ce, "Kun ji mutum. Ya dawo daga lahira, agogo yake tambaya." Ta fita tana share ido da gefen zane.

Na rubuta. Duk na rubuta.

Talata, 10 ga Oktoba

Yana iya zama a kujera. Na je yi masa aski. Ina tsakiyar yi tambayar ta fita, ban shirya ta ba. Na ce da ban tsaga Dorcas da Hester ba, da sun rayu?

Ya ce, "Ban sani ba. In na ce maka e na yi ƙarya, in na ce a'a na yi ƙarya. Abin da na sani, bai taimake su ba."

Sannan ya ce matarsa, Ursula, shi ma ya tsaga ta, sau biyu, da hannunsa, kamar yadda littattafai suka ce. Ta biyun ba ta ƙara magana ba. Ya yi shekara yana neman wanda zai faɗa masa ko shi ne, ya tarar ba wanda ya sani, don ba wanda ya taɓa ƙirgawa.

Na yanke shi a haɓa. Rabon da in yanki mutum a aski har na manta. Ya danne da yatsa ya ce ba komai, ɗan wannan jinin dai yana da shi.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Keziah ta sauka. Mace. Ƙarama ce, amma muryar uwar ta ɗauko.

Juma'a, 8 ga Disamba

Ya tafi. Sifen zai je, ya nemi waɗanda suka ga itacen da idonsu, ya kuma shirya yadda ɓawon zai riƙa zuwa ba yankewa. Shekara hamsin da biyu, har yanzu rawaya, ba ya hawa matakala sai ya huta. Na ce teku da sanyin nan za ta kashe shi. Ya ce mai yiwuwa.

Ya bar mini ma'aunin, da littafin, da sauran ɓawon. Na ce ni wanzami ne. Ya ce ya sani, wanzamin da ya tauna na Colchester ya tofar.

Rabin gari ya fito bakin ruwa. Noll Pettit ya kawo cuku guda kamar dutsen niƙa. Limami ya tsaya can nesa, ya ɗaga hula kaɗan. Keziah ta miƙa masa jaririyar, ya ja fatar idonta ya duba, ya ce da kyau, ya mayar. Wannan ce ban kwanansa.

Jirgi na janyewa ba mu yake kallo ba. Laka yake kallo, da kududdufai, goshi a tattare, kamar akwai abin da ya kusa tunawa. Ban taɓa ganin mutum irinsa ba, ba na jin zan ƙara.

Talata, 16 ga Afrilu, 1672

Wasiƙa daga Sifen. Yana raye. Layi biyu gaisuwa, shafi biyu tambayoyi.

Da hantsi wani mai kwale-kwale daga ƙetaren kogi, Elias Catchpole, ya kawo matarsa. Yarinya ce, ba ta fi sha tara ba, 'yar tudu. Masassarar bara ce ta taso mata. Ya ce an faɗa masa ba wanda ya kai ni iya tsaga a duk yankin, kuma gaskiya ne. Ya zaunar da ita, ya naɗe mata hannun riga da kansa har dantse, ya ce in yi sauri, ruwa zai janye.

Na tambayi ƙarfe nawa take zuwa. Bai sani ba. Ita ta sani. Na duba idonta. Na auna ƙunshi talatin, na sa ta maimaita mini yadda za ta sha har sau biyu.

Ya ce tsagar fa? Nisan nan ya yi don tsaga.

Ban ce tsaga ba ta da amfani ba. Ban taɓa cewa ba, ubana ya yi ta shekara hamsin. Yau dai ba ranarta ba ce.

Na sauke wa yarinyar hannun rigarta, na ɗaure mata igiyar rigar a wuyan hannu. Ya ce me ke nan? Na ce sanyi ake yi.